Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Bugun Dutse Ba Fotokwafi Ba Ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi bayani a kan wani fanni na fasahar zane wanda ba a cika tattauna shi da Hausa ba, wato bugun dutse, wanda masana ke kira litografi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata fahimta da ta yaɗu har a tsakanin masu ilimi, cewa duk hoton da aka buga a kan takarda, aka sami irinsa 50 ko 100, to kwafi ne kawai na wani zane na asali da ke rataye a wani wuri, don haka darajarsa ba ta wuce ta kalandar da ake rabawa a farkon shekara ba. Wannan magana ta yi daidai a kan hotuna da yawa da ake sayarwa, amma kuskure ce a kan bugun dutse na gaskiya, domin shi ba shi da wani zane na asali da aka kwafo. Mai zane yana aiki a kan dutsen ne da niyyar bugawa tun farko, kuma hoton ba ya cika sai ya sauka a kan takarda, saboda haka kowace takarda da ta fito daga ƙarƙashin injin ita ce aikin kansa. Wanda ya san matakan da ake bi kafin a kai ga wannan takarda ba zai yi musun haka ba.

Wanda ya ƙirƙiro wannan hanya shi ne Alois Senefelder, wanda aka haifa a Prague a 1771, ya kuma yi rayuwarsa a Munich, babban birnin Bavariya a ƙasar Jamus. Marubucin wasan kwaikwayo ne da kuɗin maɗaba'a ya gagara, sai ya shiga neman dabarar da zai buga rubuce-rubucensa da kansa cikin rahusa. Da yake farantin jan ƙarfe da ake sassaƙawa a wancan zamani yana da tsada, sai ya riƙa gwaji a kan wani dutsen farar ƙasa mai santsi da ake haƙowa a Solnhofen, wanda mutanen yankin ke shimfiɗawa a daɓen gidajensu. Kamar yadda shi kansa ya ba da labari, wata rana a 1796 mahaifiyarsa ta nemi ya rubuta mata jerin kayan da za a ba mai wanki, babu takarda a kusa, sai ya rubuta a kan dutsen da wata tawada da ya haɗa da kakin zuma da sabulu da kunkunniya. Daga nan gwaje-gwajensa suka canza hanya, kuma zuwa 1798 ya gano cewa ba ya buƙatar sassaƙa dutsen ko kaɗan. A 1818 ya wallafa littafin da ya fayyace aikin dalla-dalla.

Kafin zuwansa, hanyoyin bugu 2 aka fi sani. Ko dai a sassaƙe gefen zanen a bar shi ya yi tudu ya ɗauki tawada, yadda ake yin hatimi, ko kuma a karce zanen ya yi rami a jikin ƙarfe, tawada ta cika ramin, a matse takarda ta tsotso ta. A bugun dutse babu tudu babu rami. Wurin da zai ɗauki tawada da wurin da zai bar takarda fara duka suna kan shimfiɗa ɗaya. Abin da ke raba su shi ne abin da kowa ya sani, cewa ruwa da mai ba sa haɗuwa. Ana yin zanen da abu mai maiƙo, a jiƙa dutsen, ruwa ya zauna ko'ina ban da inda maiƙon yake, sannan a kawo tawada mai maiƙo, ita kuma ta kama inda zanen yake ta ƙi sauka inda ruwa yake. A baki abin yana da sauƙi. A aikace kuwa, kiyaye wannan iyaka tsakanin ruwa da mai daga takarda ta farko zuwa ta ƙarshe shi ne sana'ar gaba ɗayanta.

Aikin yana farawa tun kafin mai zane ya taɓa dutsen. Dutsen Solnhofen ya yi fice ne saboda laushin ƙwayoyinsa da daidaituwarsu. Laushin ya kai har a 1861 aka sami ƙasusuwan wani tsuntsu na zamanin da a cikin duwatsun yankin, shatin gashin fikafikansa ya fito sarai. Kaurin dutsen bugu kan kai santimita 8 zuwa 10, manya daga ciki kuwa mutum ɗaya ba ya iya ɗaga su. Da yake ana amfani da dutse ɗaya shekara da shekaru, wajibi ne a goge shi har sai maiƙon tsohon zane ya fita, in ba haka ba inuwarsa za ta bayyana a cikin sabon aiki. Ana zuba ruwa da wani gari mai kaushi a fuskarsa, a ɗora wani dutsen ko wani faifan ƙarfe mai nauyi a riƙa juyawa, a fara da gari mai manyan ƙwayoyi a ƙare da mai laushi. Mai gugar yana auna fuskar dutsen a kai a kai, domin idan wani gefe ya fi wani tudu, ko dai bugun ya fito da rauni a gefe ɗaya, ko kuma dutsen ya tsage a ƙarƙashin matsin injin. Gugar ƙarshe ita ce ke barin wani ɗan kaushi da ido ba ya gani sosai, wanda zai riƙe abin zane kuma ya riƙe ruwa, kuma tun a nan ake yanke shawarar ko hoton zai fito da laushi ko da tsattsauran zane.

Sai mai zane ya zo. Kayan aikinsa su ne wani irin alli baƙi mai maiƙo, wanda ake haɗawa da kakin zuma da sabulu da kitse da kunkunniya, akwai mai tauri akwai mai taushi, da kuma tawada mai maiƙo da ake damawa da ruwa a shafa da burushi ko a rubuta da alƙalami. Idan aka tsinka wannan tawada aka bar ta ta bushe a kan dutsen, takan bar wasu ƙananan jijiyoyi da ɗigo-ɗigo waɗanda babu wata hanyar bugu da ke fitar da irinsu. Mai zane yana iya kankare wani wuri da reza don ya dawo da haske, yana kuma iya fesa tawada daga bakin burushi. Amma dutsen ba ya yafe sakaci. Idan tafin hannu ya taɓa fuskarsa, maiƙon fata zai shiga, shatin yatsa ya fito a kowace takarda da za a buga, shi ya sa ake gicciya katako a kan dutsen don a jingina hannu. Har ila yau, duk abin da aka zana a dama zai fito a hagu, don haka mai zane yana aiki ne da juyayyen hoto a cikin kansa.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi shafar mu kai tsaye, domin ginshiƙinsa ƙaro ne, wannan ƙaron da ake samu daga itacen dakwara idan an tsaga bawonsa da rani an bar shi makonni ya fitar da shi. Sudan ce ta fi kowace ƙasa samar da shi, musamman yankin Kordofan, sannan ana samun sa a Chadi da Nijar da jihohin Borno da Yobe da Jigawa, kuma shi ne malamanmu na allo suka daɗe suna sa wa tawada don ta kama. Mai bugu yana fara barbaɗa wa zanen garin ƙaron wani itace dabam da hoda don su kare shi, sannan ya narka ƙaro a ruwa, ya ɗiga asid na naitirik a ciki, ɗigo ɗigo yana ƙirgawa, ya shafa a fuskar dutsen. Asid ɗin ba ya cin dutsen har ya yi rami. Aikinsa shi ne ya sa maiƙon zanen ya haɗu da jikin dutsen su zama abu ɗaya, ya kuma ba ƙaro damar mannewa a duk inda babu zane, ta yadda wuraren nan za su riƙa shan ruwa suna ƙin tawada. Ƙarfin haɗin ba ɗaya ba ne a ko'ina: wurin da zanen ya yi duhu yana buƙatar asid mai ƙarfi, wurin da aka ɗan shafa allin sama-sama kuwa ƙaro zalla kan ishe shi. Idan haɗin ya yi ƙarfi fiye da kima, lallausan wuraren za su ƙone su ɓace. Idan ya yi rauni, duhu zai yaɗu ya cinye hasken hoton bayan an buga takardu kaɗan. Babu wani ma'auni da ke faɗa wa mai bugu adadin ɗigon da wannan zane yake so a kan wannan dutse a yanayin wannan rana, sai dai abin da shekaru suka koya masa.

Bayan an goge ƙaron da ƙyalle ya zama siririn rufi, aka bar dutsen ya huta, sai a yi abin da ke tayar da hankalin duk wanda ya fara gani. Mai bugu zai zuba wani mai mai narkar da maiƙo, dangin kananzir, ya wanke zanen da aka kwashe makonni ana yi, baƙin ya tafi, ya rage wata inuwa kawai da ƙyar ake hango ta. Zanen bai ɓata ba, domin tuni ya shige cikin fuskar dutsen. Sai a shafa wani ruwan kwalta mai laushi ya ƙarfafa maiƙon, a wanke ƙaron da ke sama da ruwa, a bi da jiƙaƙƙen soso, sannan a ɗauko rola ta fata da aka birgima a cikin tawada a riƙa bi da ita a kan dutsen gaba da baya. A hankali hoton zai dawo, wannan karo da tawadar bugu. Galibi ana sake shafa ƙaro da asid karo na biyu don a tabbatar da shi kafin a shiga bugu na sosai. Ina jan hankalin masu karatu ga wannan mataki, domin daga nan zanen da mai zane ya yi da hannunsa ya daina wanzuwa a matsayin abin kallo. Abin da ya rage shi ne dutse mai iya haifar da hoto, da kuma takardun da zai haifar.

Bugun kansa aikin ƙarfi ne da natsuwa. Mutum ɗaya yana riƙe da soso yana kula kada dutsen ya bushe, domin da zarar wani gefe ya bushe tawada za ta kama wurin ta ɓata shi, ɗayan kuma yana birgima rola, yana ƙirga sau nawa ya bi, don takarda ta 40 ta sami tawada daidai da ta farko. Sai a shimfiɗa takarda, wadda akasari ta auduga ce mai kauri, a rufe ta da wani falle mai santsi da aka shafa wa mai a baya, a sauke wani katako mai baki da aka naɗe da fata, a tura dutsen ya wuce ƙarƙashinsa da matsi mai tsanani. Ana ɗaga takardar a duba, a sake jiƙa dutsen, a sake sa tawada, a sake shimfiɗa wata. Babu takardar da ke fitowa ba tare da an maimaita wannan duka daga farko ba.

Duk abin da na bayyana zuwa nan na launi ɗaya ne. Idan hoton mai launuka ne, kowane launi da dutsensa, ko kuma farantinsa na alminiyam ko tutiya, waɗanda ake yi wa kaushi su yi aiki irin na dutse, kuma kowanne sai an goge shi, an zana shi, an shafa masa ƙaro, an gwada shi shi kaɗai. Godefroy Engelmann ne ya yi rajistar hanyar bugun launuka a Faransa a 1837, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare akwai maɗaba'un da ke amfani da duwatsu sama da 20 a hoto guda. Mai zane yakan fara fitar da shatin hoton, a sauke shi a kan kowane dutse da jan gari wanda ba shi da maiƙo, don ya zama jagora kawai ba tare da ya fito a bugu ba. Abin lura shi ne, ko dutsen na rawaya ne ko na ja, da baƙin alli ake zana shi. Ke nan mai zane yana kallon baƙi yana ƙiyasta rawaya, yana kuma ƙiyasta abin da zai faru idan shuɗi ya hau kan wannan rawayar, domin tawadar bugun dutse takan bar na ƙasa ya leƙo, shuɗi a kan rawaya ya ba da kore, ja a kan rawaya ya ba da ruwan lemo. Da duwatsu 4 gwani yana iya fitar da launuka da yawa fiye da 4, kuma babu inda cikakken hoton yake, ko a bango ko a littafin zane, kafin launi na ƙarshe ya sauka.

Jerin launukan ma shawara ce ta fasaha. An fi farawa da masu haske a ƙare da masu duhu, amma idan aka sauya jerin hoton ya sauya, don haka akan shafe kwanaki ana gwaji, ana ƙara wa wannan launi fari, ana tsinka wancan, wani lokaci ma a jefar da dutse guda a zana sabo. Sannan ga matsalar daidaitawa. Ana yin ƙananan alamomi a gefen kowane dutse da bayan kowace takarda, kuma dole alamomin su haɗu a kowane zagaye, domin ko kaucewar da ba ta kai milimita 1 ba tana iya sa ido ya fita daga fuska. Takarda kuwa tana miƙewa idan ta sha danshi ko matsi, don haka yanayin ɗakin ma yana cikin lissafi. Ana buga launi na farko a kan takardun duka, a jira su bushe, a dawo a buga na biyu a kan dukkansu, haka har a gama. Takardar da ta tsira daga zagaye 7 ta lalace a na 8 ta tafi da dukkan wahalar da aka sha a kanta, shi ya sa ake farawa da takardu fiye da adadin da ake bukata. Hoton talla da Henri de Toulouse-Lautrec ya yi wa gidan rawa na Moulin Rouge a Paris a 1891, wanda tsayinsa ya kusa mita 2, da launi 4 kawai aka buga shi, kuma ƙarfinsa ya fito ne daga sanin inda za a bar takarda fara da inda launi zai hau launi.

Abin da ya jawo manyan masu zane ga dutse shi ne cewa yana ɗaukar motsin hannu yadda yake, ba tare da wani masassaƙi ya shiga tsakani ya fassara shi ba. Francisco Goya yana da shekara 79 lokacin da ya yi hotunan wasan bijimai guda 4 a Bordeaux a 1825, ya jingina dutsen a tsaye yana zana yana kankarewa. Honoré Daumier ya yi bugun dutse kimanin 4,000, mafi yawansu domin jaridun barkwanci na Paris, kuma ɗaya daga cikinsu, wanda ya yi wa Sarki Louis-Philippe ba'a, ya jawo masa ɗaurin wata 6 a 1832. Pablo Picasso kuwa, a maɗaba'ar Fernand Mourlot, tsakanin Disambar 1945 da Janairun 1946, ya ɗauki hoton bijimi ɗaya ya bi da shi matakai 11 a kan dutse guda, yana ƙarawa yana ragewa, ana bugawa a kowane mataki, har bijimi mai tsoka da nauyi ya koma 'yan layuka kaɗan. Kowane mataki ya shafe wanda ya gabace shi a kan dutsen, ta yadda takardun da aka buga su kaɗai ne shaidar cewa ya taɓa wanzuwa. Ina tambayar mai cewa bugu kwafi ne: kwafin me ke nan?

Wannan amana da dutse ke riƙe wa hannu ita ce ta sa ya sami karɓuwa a ƙasashen Musulmi, inda haruffan ƙarfe suka daɗe ba su gamsar da masu karatu ba saboda yadda suke sandarar da rubutun Larabci. Senefelder ya kuma ƙirƙiro wata takarda ta musamman da ake rubutu a kanta yadda aka saba, sannan a kifa ta a kan dutse rubutun ya sauka, don haka marubuci ba ya buƙatar koyon juyayyen rubutu. A Iran da Indiya an buga littattafai masu ɗimbin yawa ta wannan hanya. Maɗaba'ar Nawal Kishore da aka kafa a Lucknow a 1858 ta shahara da shi, kuma jaridun Urdu sun ci gaba da dogaro da marubutan hannu har zuwa shekarun 1980. A Maroko, wani alƙali mai suna Muhammad al-Tayyib al-Rudani ya shigo da injin bugun dutse daga Masar a 1864, kuma daga nan ne bugun birnin Fas mai rubutun Magaribi ya samo asali. Littattafan Larabci da na ajami da ake sayarwa a kasuwannin Kano da Zariya da Sakkwato, waɗanda aka rubuta da hannu sannan aka buga da inji, suna kan wannan tafarki na fifita hannun marubuci, ko da yake ba a kan dutse aka buga su ba.

Akwai wanda ake yawan mantawa da shi a wannan labari, kuma a ganina rashin adalci ne: mai bugun. Mai zane ne ke da hoton, amma mai bugu ne ya san dutse da ƙaro da tawada, shi ne kuma zai ce wa mai zane wannan lallausan wuri ba zai jure bugu 60 ba sai an yi masa kaza. A tsakiyar ƙarni na 20 gwanayen wannan sana'a sun yi ƙaranci a Amurka har mai zane June Wayne sai da ta je Paris neman wanda zai buga mata aiki. Wannan ne ya sa ta kafa cibiyar Tamarind a Los Angeles a 1960 da tallafin Gidauniyar Ford, domin a horar da masu bugu, kuma a 1970 cibiyar ta koma ƙarƙashin Jami'ar New Mexico a Albuquerque, inda take har yanzu. Ta ƙarfafa al'adar cewa mai bugu ya danna ɗan tambarinsa marar tawada a gefen takarda, a kuma rubuta bayanin kowane aiki: duwatsu nawa, launi nawa, wace takarda, guda nawa aka buga. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sami horo a can, Mark Attwood, ya buɗe maɗaba'ar The Artists' Press a Johannesburg a 1991, wadda ta buga wa masu zane na kudancin Afirka ayyuka da yawa.

Idan gwaji ya kai inda mai zane ya gamsu, sai ya sa hannu a kan takarda ɗaya ya rubuta cewa ya amince a buga. Wannan takarda ita ce ma'auni, duk wadda ba ta yi daidai da ita ba a yage ta, kuma bisa al'ada mai bugu ne ke riƙe ta. Sauran sai mai zane ya sa musu hannu da fensir ya ba su lamba, misali 12/50, wato ta 12 cikin 50, ban da 'yan kaɗan da ake ware masa. Bayan haka sai a goge dutsen, ko a karce shi a buga shaida ɗaya da ke nuna an soke shi. Sai dai ina so masu saye su fahimci cewa lamba da sa hannu al'ada ce da ta zo daga baya, a ƙarshen ƙarni na 19, kuma ba su ne ke mayar da takarda aikin asali ba. Ayyukan Daumier sun fito da dubbai a cikin jarida, babu fensir babu lamba, amma daga dutsen da ya zana da hannunsa suka fito. A ɗaya ɓangaren kuma, sananne ne cewa Salvador Dalí ya sa hannu a kan dubban fararen takardu kafin a buga komai a kansu, abin da ya buɗe ƙofar jabu har kasuwar ayyukansa ta gurɓace. Fensir ba ya da tsada, kowa ma yana iya rubuta 12/50.

Ruɗanin ya ƙaru ne saboda bugun dutse ya haifi ɗa wanda ya fi shi yaɗuwa. Wajen 1904 wani mai maɗaba'a a Amurka, Ira Rubel, ya lura cewa hoton da ya sauka a kan robar injin sannan ya koma kan takarda ya fi fitowa tsaf, kuma daga nan bugun ofset a kan takarda ya bunƙasa. Da shi ake buga galibin jaridu da littattafai da fastocin siyasa a yau, kuma har yanzu kan ƙa'idar ruwa da mai yake tafiya. Saboda wannan dangantaka, mai sayar da hoto yana iya ɗaukar hoton wani zanen fenti da kyamara, ya buga da injin ofset, ya kira shi litografi, a fuskar lafazi kuma bai yi ƙarya ba. Wannan shi ne kwafin da mutane ke nufi, kuma ba laifi ba ne a saya a rataya, muddin an sayar da shi da sunansa da kuma farashinsa. Hanyar rarrabewa ba ta da wuya. Idan aka duba da gilashin ƙara girma, kwafin inji yana nuna ƙananan ɗigogi a jere cikin tsari, na shuɗi da ja da rawaya da baƙi, yayin da bugun hannu ke nuna ƙwayoyi a warwatse yadda kaushin dutsen ya bar su, da shimfiɗaɗɗen launi wanda ake iya ganin inda ya hau kan wani. Bayan haka sai a tambayi mai sayarwa wa ya zana dutsen ko farantin, a wace maɗaba'a aka buga, launi nawa, kuma guda nawa. Mai aikin gaskiya yana da amsar waɗannan a rubuce.

Roƙona gare ku, ya Edita, shi ne idan wakilanku sun je ɗaukar rahoton baje kolin zane, ko a sashen fasahar zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko a ɗakunan nuni na Abuja da Legas, su riƙa tambayar ta wace hanya aka yi kowane bugu, su rubuta ta a ƙarƙashin hoton tare da adadin da aka buga, kuma idan akwai mai bugu dabam da mai zane su ambaci sunansa shi ma. Ina kuma fatan za ku aika wakili ya tattauna da malaman da ke koyar da fasahar bugu a jami'o'inmu da kwalejojinmu, ya ji irin kayan aikin da suke da su da waɗanda suke nema, domin ɗalibin da ke son koyon wannan fanni ya san inda zai dosa.

Na gode da filin da kuka ba ni. Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Zariya